Idan guguwa ko gobarar daji ta cinye gona a Amurka, wa ke biya, kuma nawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji a rediyo cewa majalisar dokokin Amurka ta ware wa manoma dala biliyan 21 saboda ɓarnar guguwa da gobarar daji. Shin duk wanda gonarsa ta lalace mayar masa ake yi da duk abin da ya rasa? Kyauta ce ko rance? Kuma ta yaya gwamnati ke bambance mai gaskiya da mai ƙarya? Ni manomi ne. Ambaliya ta taɓa cinye mini shinkafa, abin da ya iso hannuna buhun masara ɗaya ne da bargo.

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa, ya kiyaye na gaba. Abin da ka ji gaskiya ne. Kuɗin akwai su, kuma mafi yawansu kyauta ne, ba a biya. Sai dai ba a mayar wa kowa duk abin da ya rasa, kuɗin ba sa zuwa da wuri, sannan rabon mutum ya danganta ne da takardun da ya ajiye tun kafin iska ta kaɗa. Girman asara shi kaɗai ba ya jawo ko sisi.

Tallafin hawa uku ne. Na ƙasa shi ne inshorar amfanin gona, wadda manomi ke saya kowace shekara kafin shuka. Na tsakiya shi ne wasu shirye-shirye na dindindin da ke cikin dokar noma, masu kula da dabbobi da itatuwa da shinge. Na sama shi ne kuɗin gaggawa da majalisa ke warewa lokaci-lokaci idan ɓarna ta yi yawa. Wanda ka ji a rediyo na saman ne, amma an ɗora shi ne a kan na ƙasan, don haka daga can za mu faro.

Gwamnatin Amurka ta shiga harkar inshorar noma tun 1938, bayan shekarun fari da ƙura da suka tagayyara manoman tsakiyar ƙasar. A 1980 aka shigo da kamfanoni masu zaman kansu su riƙa sayar da ita, a 1994 da 2000 aka ƙara yawan abin da gwamnati ke zubawa. Yau manomi yana sayen inshorar ne daga wakilin kamfani, amma Ma'aikatar Noma, wadda suke kira USDA, ita ke yanke farashi da ƙa'idoji, kuma ita ke biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin inshorar idan an yi jimilla. Manomi ya zaɓi matakin kariyar da yake so, daga kashi 50 zuwa kashi 85 na abin da ya saba samu. Shi kuma wannan "abin da ya saba samu" ba da baki ake faɗarsa ba. Lissafi ne na amfanin da ya girbe a shekaru huɗu zuwa goma da suka wuce, da rasit ɗin ma'auni da na sayarwa. Amfanin da babu inshorarsa a gunduma, kamar wasu kayan lambu, akwai wani shiri na gwamnati mai suna NAP da ke tsaya masa. Matakinsa na ƙasa ba ya biya sai asara ta haura rabi, kuma a kan kashi 55 cikin 100 na farashi yake biya. Ka ga ke nan ɗan abin toshe ƙofa ne kawai.

Mutane da yawa suna zaton hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA, ita ke biyan manoma. Ita gidaje da hanyoyi da matsugunin jama'a take dubawa. Amfanin gona na Ma'aikatar Noma ne, ta hannun wani reshe nata mai suna FSA, wanda ke da ofis a kusan kowace gunduma mai noma.

To, sai shekarar 2017 ta zo da abin da ya fi ƙarfin inshorar. A ƙarshen watan Agusta mahaukaciyar guguwa Harvey ta sauka a gaɓar jihar Teksas daidai lokacin cirar auduga, ta jiƙe wadda aka riga aka tara a bakin gona. Ranar 10 ga Satumba Irma ta ratsa Fulorida ta kakkaɓe lemu ɗanye daga itatuwa, ta bar saiwoyi cikin ruwa. Ma'aikatar noma ta jihar ta ƙiyasta asarar noma dala biliyan 2.5, na masu lemu kaɗai kusan miliyan 760. Kwana goma bayan haka Maria ta faɗa wa tsibirin Puerto Rico ta share kusan kashi 80 cikin 100 na darajar amfanin gonarsu, ayaba da kofi duk suka kwanta. Ana wata ga wata, a watan Oktoba wuta ta kama yankin masu noman inabi na Napa da Sonoma a Kalifoniya, a Disamba kuma wata ta ci gonakin fiya da lemun tsami a gundumar Ventura.

A watan Fabrairun 2018 majalisa ta ware dala biliyan 2.36, Ma'aikatar Noma a ƙarƙashin Sonny Perdue ta kafa shirin da ake kira WHIP, wato diyyar gobarar daji da guguwa. An buɗe karɓar takardu ranar 16 ga Yuli, 2018. Wannan shiri nake so ka fahimta sosai, domin duk waɗanda suka biyo bayansa sauya suna aka yi da ɗan gyare-gyare, ƙashin bayan ɗaya ne.

Ga yadda lissafin yake, a sauƙaƙe. Za a fara da darajar amfanin da ake sa ran manomi zai samu da ba a yi ɓarna ba. Sai a ɗauki wani kaso na wannan daraja. Kason ya danganta da inshorar da mutum ya saya: wanda bai sayi komai ba kashi 65 ne nasa, wanda ya sayi mafi ƙanƙanta kashi 70, haka abin ke hawa har zuwa kashi 95 ga wanda ya sayi kariyar kashi 80 ko sama. Daga nan a cire darajar abin da ya samu ya girbe, a cire abin da inshora ta riga ta biya shi. Abin da ya rage shi ne nasa.

Mu ƙaddara maƙwabta biyu ne masu noman auduga, kowanne yana sa ran amfanin dala 100,000. Guguwa ta zo, kowanne ya tsira da na dala 30,000. Na farko ya sayi kariyar kashi 80. Inshora za ta cika masa daga 30,000 zuwa 80,000, wato ta ba shi 50,000. Shirin gwamnati kuma zai ɗauki 95,000 ya cire 30,000 ya cire 50,000, ya ba shi 15,000. A ƙarshe yana riƙe da 95,000. Na biyu bai sayi inshora ba. Nasa lissafin 65,000 ne a cire 30,000, a ba shi 35,000. Idan ka dubi cakin da ya fito daga wannan shiri kaɗai, za ka ce marar inshorar ya fi samu. Amma shi 65,000 ya tashi da su, maƙwabcinsa 95,000. Ko an cire abin da mai inshorar ya kashe wajen sayenta, tazarar tana da faɗi. Da a ce akwai na uku marar inshora wanda ya tsira da na dala 70,000, to ya yi asarar 30,000 amma ko dala ɗaya ba zai gani ba, domin bai faɗo ƙasa da layin 65,000 ba.

Marar inshora yana da wani cikas kuma. Tunda babu tarihin girbinsa a rubuce, da matsakaicin amfanin gundumarsa ake yi masa lissafi. Idan ƙwararren manomi ne da ke fin maƙwabtansa samu, ya yi asarar wannan bambancin. Idan malalaci ne, ya ci riba. Ni a ganina wannan na daga cikin wuraren da tsarin ya fi rashin adalci, amma ban ga wata hanyar da za a bi ba idan babu takarda.

Kyautar ma da igiya a wuyanta. Duk wanda ya karɓi kuɗin WHIP ya sa hannu cewa zai sayi inshora ta aƙalla kashi 60, ko ya shiga NAP, na shekarun noma biyu masu zuwa. Idan ya saɓa, ya dawo da kuɗin har da ruwa. Akwai kuma iyaka: mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ba zai wuce dala 125,000 ba, sai idan ya kawo shaidar cewa kashi 75 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga noma suke, sannan iyakarsa ta koma 900,000. Kuma da aka fara biya rabi aka ba mutane, aka riƙe rabi sai an ga ko kuɗin za su isa kowa. Wannan sharaɗi na shekara biyu shi ke nuna maka ainihin niyyar gwamnati. Tana taimako, amma tana amfani da taimakon wajen tura mutane cikin inshora don kada gobe su dawo da hannu biyu.

Yanzu batun mai gaskiya da mai ƙarya. Ba wani sihiri suke da shi ba, kuma ba don sun fi kowa tsoron Allah ba ne. Aikin tantancewar an gama shi tun kafin bala'in. Kowace gona tana da lamba a ofishin FSA, da taswirar iyakokinta da aka zana daga hoton sama. Kowace shekara bayan shuka manomi yana zuwa ya cika takardar da ke nuna abin da ya shuka a kowane fegi, eka nawa, ran nawa ga wata, da kuma kason kowa idan noman haɗin gwiwa ne. Idan ɓarna ta faru, mai inshora yana da awa 72 daga lokacin da ya gano ta ya sanar da wakilinsa, mai NAP kwana 15 a yawancin amfani. Sai mai ƙiyasin ɓarna ya zo ya auna kafin a taɓa gonar. Wanda ya yi saurin sa garma ya kife abin da ya lalace ba tare da izini ba, yana iya kife haƙƙinsa tare da shi. Sannan kowace gunduma tana da kwamiti na manoma da manoman yankin suka zaɓa, su ke duba takardun da ake shakka a kansu. Waɗannan mutane ne da suka san gonar kowa, sun san wanda wuta ta tsaya a bakin shingensa. Wanda bai yarda da hukuncinsu ba yana da wurin ɗaukaka ƙara a cikin ma'aikatar. Duk da haka ana yin zamba, ana kama wasu, har da wakilan inshora da masu ƙiyasi, kuma laifi ne na tarayya da ke kai mutum gidan yari.

Inda na fi sukar tsarin shi ne jinkiri. Inshora takan biya cikin makonni bayan an kammala ƙiyasi. Kuɗin majalisa kuwa sai 'yan siyasa sun gama ja-in-ja. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne guguwar Michael. Ranar 10 ga Oktoba, 2018 ta sauka kusa da Mexico Beach a arewa maso yammacin Fulorida da ƙarfi mataki na biyar, wanda shi ne ƙarshe a ma'auninsu, ta wuce cikin kudancin jihar Jojiya tana nan da ƙarfinta. Audugar shekarar ta yi kyau ƙwarai, ta buɗe fari fat ana shirin cira. Dare ɗaya ta koma ƙasa. An ƙiyasta asarar noma da katako a Jojiya kusan dala biliyan 2.5. 'Yan majalisa na jam'iyyun biyu duk sun yarda a taimaka, amma dokar ta maƙale a kan gardamar nawa za a ƙara wa Puerto Rico, da kuma kuɗin kan iyakar kudu da fadar shugaban ƙasa ke so a cusa. Sai ranar 6 ga Yuni, 2019 Donald Trump ya sa hannu, a cikin dala biliyan 19.1 aka ba noma kusan biliyan 3. Karɓar takardun sabon shirin, WHIP+, bai fara ba sai 11 ga Satumba, wata goma sha ɗaya cur bayan guguwar.

Kai manomi ne, ka san abin da wata goma sha ɗaya ke nufi. Damina guda ce ta zo ta wuce. Manomin Amurka da rancen banki yake noma, ya ci bashin iri da taki da mai a farkon shekara ya biya da kaka. Wanda kakarsa ta lalace a Oktoba dole ya koma gaban ma'aikacin banki a watan Janairu ko Fabrairu yana neman sabon rance alhali bai biya tsohon ba, kuma abin da zai nuna alkawarin 'yan majalisa ne. Mai tsohuwar dukiya yana iya jira. Matashin da ya yi hayar gona, ko wanda bashi ya riga ya kai masa wuya, wani lokaci kafin kuɗin su iso ya sayar da tarakta. Akwai rancen gaggawa na FSA mai sauƙin ruwa har dala 500,000, kuma shi ne ɓangaren da amsarsa "rance" ce a tambayarka, amma bashi ne a kan bashi.

Itatuwa kuma nasu ciwon daban. Auduga ko masara asarar shekara ɗaya ce. Jojiya tana cikin manyan masu noman pecan, wani ɗan itace mai ɓawo da ake ci kamar gyaɗa, kuma bishiyarsa tana ɗaukar kusan shekara goma kafin ta fara ba da amfani na a zo a gani. Michael ta tumɓuke itatuwan da kakannin masu gonar suka dasa. Inshorar amfani tana biyan 'ya'yan bana ne, ba na shekaru goma masu zuwa ba. Akwai shirin dindindin na dashe, TAP, wanda a lokacin yake ɗaukar kashi 65 cikin 100 na kuɗin sake dasawa da rabin kuɗin gyaran waɗanda suka ji rauni, idan mutuwar ta haura kashi 15. Yana sayo maka dashe, ba ya ciyar da kai har dashen ya girma. Masu itatuwan katako ma sun fi shiga uku, domin ba sa cikin inshorar amfanin gona ta gwamnati, ga shi da yawansu iyalai ne da suka mayar da dajin asusun tsufa. Saboda irin waɗannan giɓi ne aka ɓullo da ba jihohi dunƙulen kuɗi su raba da nasu tsarin. Fulorida ta karɓi dala miliyan 340 don masu lemu bayan Irma. Bayan Michael ta karɓi kusan miliyan 380 don katako, Jojiya ta karɓi miliyan 347, wanda sai a 2020 aka fara karɓar takardun rabonsa.

Gobarar daji kuwa, ko da yake sunanta ne a farkon sunan shirin, ɓarnarta ta sha bamban da ta guguwa. Wuta ba ta cika cin gonar da ake ba ruwa ba. Makiyaya take ci, da tarin ciyawa, da shingen waya, da shanu. A ƙarshen Fabrairun 2024 wutar Smokehouse Creek ta ci sama da eka miliyan ɗaya a arewacin Teksas, ita ce mafi girma a tarihin jihar, dubban shanu suka mutu. Da yawa ba a cikin wutar suka mutu ba. Kofato da hantsa suka ƙone, huhu ya sha hayaƙi, masu su suka bi su suna harbewa don rage musu azaba. A can kiwo a cikin shinge ake yi, shingen da ke tsare saniya shi ke hana ta gudu.

Mai shanu ba ya jiran majalisa, domin shirinsa na dindindin ne tun dokar noma ta 2014. Shirin LIP yana biyan kashi 75 cikin 100 na farashin kasuwa, gwargwadon rukunin dabbar da nauyinta, bayan an cire adadin da aka san kan mutu a kowace shekara ko ba bala'i. Nan ma shaida ce gaba: adadin garken kafin wuta, takardun likitan dabbobi, na banki, hotuna masu kwanan wata. Farashin kuma na gama-gari ne, don haka bijimin iri da aka saya da tsada da bijimin kawai kuɗinsu ɗaya a takarda. Gobarar watan Maris na 2017 a Kansas da Oklahoma da Teksas ta tona asirin wasu kurakurai, sai a 2018 aka cire iyakar dala 125,000 daga wannan shiri, aka kuma yarda a biya wanda ya sayar da dabbar da ta ji rauni a farashin wulaƙanci. Shinge kuwa, wanda kowane mil ɗinsa dubban daloli ne, wani shiri mai suna ECP ke ɗaukar har kashi 75 na kuɗin gyaransa, kashi 90 ga masu ƙaramin ƙarfi da sababbin manoma. Matsalarsa ita ce yawanci sai ka yi aikin ka kawo rasit sannan a mayar maka, ko da yake an yarda a ba da wani kaso tun farko don shinge. A makon farko bayan wuta, abin da ke ciyar da shanun da suka tsira ba gwamnati ba ce. Manyan motoci ne cike da ciyawa da manoman wasu jihohi ke aikowa kyauta, irin gudummawar da muka sani a ƙauyukanmu idan rumbun wani ya ƙone. Idan kuma an gano turken wutar lantarki ne ya tayar da gobarar, sai a bi kamfanin ta kotu, wannan hanya ce daban.

Wani abin mamaki da wuta ta koya musu: inabin da ko harshen wuta bai gani ba yana iya lalacewa. Hayaƙi yana shiga fatarsa, masu saye su gwada a ɗakin bincike su ƙi karɓa. Ga amfani a rataye lafiya lau a ido, amma ba shi da kasuwa. Sai da majalisa ta ambaci lalacewar hayaƙi ƙarara a dokar da ta shafi asarar 2020 da 2021.

Akwai waɗanda duk wannan lissafi bai san da su ba. Kuɗin na wanda ke da kaso a amfanin ne kuma yake ɗauke da kasadarsa. Leburan da ke tsinkar lemu a Fulorida ko inabi a Kalifoniya, waɗanda da yawansu baƙi ne daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, idan gona ta lalace aikinsu ya tafi, kuma babu layinsu a takardar. Sannan tunda da darajar asara ake biya, babbar gona ita ke kwasar babban rabo. Ƙidayar 2022 ta nuna gonaki kusan miliyan 1.9 a ƙasar, matsakaiciyarsu eka 463, amma mafi yawansu ƙanana ne da masu su ke da wani aikin daban. Mai eka biyar na kayan miya iri goma sha biyu, wanda ke sayarwa a kasuwar gari ba tare da rasit ba, shi ne ya fi kama da manominmu, kuma shi ne tsarin ya fi wahalarwa. Gwamnatin Biden ta gwada karkata rabon zuwa ga ƙananan asara da kuma manoma marasa galihu, manyan manoma suka yi ca, a 2024 wata kotun tarayya a Teksas ta dakatar da ɓangaren da ke duba launin fata ko jinsi.

Abin da masana tattalin arzikin noma suka daɗe suna faɗa, ni ma ina tare da su, shi ne cewa an ƙarfafa inshora ne don a daina wannan rabon gaggawa, amma ga shi ana yin duka biyun. Daga 2017 zuwa yau kusan babu shekarar noman da ba ta samu nata shirin ba: WHIP, sai WHIP+, sai ERP da aka ware wa dala biliyan 10 a Satumban 2021, sai wanda ka ji. Abin da ake yi kowace shekara ya daina zama gaggawa, amma tunda ba a mayar da shi doka tsayayya ba, manomi bai san ko za a yi ba, bai san yaushe ba, bai san da wane lissafi ba. An dai samu ci gaba biyu. Tun daga ERP ana aiko wa mai inshora takarda a cike da bayanansa, ya duba ya sa hannu kawai. Kuma tun 2020 akwai wata ƙarin inshora ta guguwa wadda ba ta buƙatar a zo a duba gona: idan bayanan hukumar yanayi suka nuna iska mai ƙarfin guguwa ta ratsa gundumarka ko ta maƙwabta, an biya ka.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da abin da zai yi aiki a wajenmu, kuma an ma taɓa gwada irinta. Nijar tana cikin ƙasashen farko da suka shiga asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka, ARC, wanda ke amfani da bayanan ruwan sama daga tauraron ɗan Adam. Bayan ƙarancin ruwan 2014, asusun ya biya Senegal da Muritaniya da Nijar sama da dala miliyan 26 a farkon 2015. Gwamnati ake biya a can, ita ta sayi abinci da na dabbobi ta raba. A Najeriya akwai hukumar inshorar noma, NAIC, tun 1987, kuma a tsarinta gwamnati na ɗaukar rabin kuɗin inshorar, sai dai mafi yawan masu shiga ta hanyar rancen banki suke shiga. Buhun masara da bargon da ka samu agaji ne na ceton rai, kowa daidai da kowa, domin babu wani littafi da ya nuna eka nawa ka shuka ko buhu nawa ka saba ɗauka. Ko da an kawo kuɗin diyya a ranar, mai rabon ba shi da ma'aunin da zai bambanta ka da wanda bai taɓa shiga fadama ba.

Mu koma kan biliyan 21 ɗin. Dokar an sa mata hannu ne ranar 21 ga Disamba, 2024, bayan guguwar Helene ta 26 ga Satumba da Milton ta 9 ga Oktoba. Ba na guguwa da wuta kaɗai ba ne, ta haɗa asarar shekarun 2023 da 2024 gaba ɗaya, har da fari da ambaliya da sanyi, a duk faɗin ƙasar. Akwai wasu biliyan 10 daban da aka ware saboda faɗuwar farashin amfani, waɗanda ba su da alaƙa da bala'i, amma a labarai akan haɗa su. Daga cikin 21 ɗin, kusan biliyan 16 suka tafi shirin amfanin gona mai suna SDRP, sauran aka raba tsakanin masu dabbobi da dunƙulen kuɗin jihohi. An buɗe zagayen farko a watan Yulin 2025, ga waɗanda inshora ko NAP ta riga ta biya, saura aka ce su jira zagaye na biyu. Kuma saboda asarar da aka lissafa ta fi kuɗin yawa, kashi 35 cikin 100 na abin da lissafi ya ba mutum aka fara biya. Wato wanda lissafinsa ya ba shi 15,000, kamar mai audugar nan na misalinmu, dala 5,250 ne suka fara shiga asusunsa, wata tara ko goma bayan Helene.